Muryar da Ta Tsaya Jiran Taswira

Bazarar shekarar da na koma Rano na ɗan zauna ta yi tsawo fiye da yadda aka saba. Mangwaro ya nuna har ya fara ƙarewa a kasuwa, 'ya'yan ɗorawa sun bushe a kan bishiya, amma ruwa bai sauka ba. Kullum da la'asar hadari yakan taru ta gabas, ya yi baƙi, iska mai ɗan sanyi ta kaɗa, mutane su fito ƙofar gida suna kallon sama, sai kuma ya watse kamar an kira shi wani wuri.

A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani a Kano. Mu kaɗan ne, muna haɗa manhajar waya domin iyalan makiyaya. Idan rani ya yi, samari sukan kora shanu kudu neman ciyawa, a bar tsofaffi da mata a gida da gonakinsu, wani lokaci a daɗe ba a ji ɗuriyar juna ba. Kira ba ya shiga sai an yi sa'a duka biyun suna inda akwai sabis a lokaci ɗaya. Muka yi manhajar yadda wanda bai iya karatu ba zai iya amfani da ita: manyan hotuna huɗu ne kawai a fuskar waya. Da an buɗe ta, sai wayar ta tura aike huɗu a lokaci guda zuwa babbar kwamfutar da ke ajiye mana komai, wadda muke kira saba. Aike ɗaya ya ɗauko saƙonnin murya, ɗaya ya ɗauko taswirar inda garke ya kwana, ɗaya hasashen ruwan sama, na ƙarshe kuma shawarar likitan dabbobi. A ofishinmu, inda ƙarfen sabis yake tsaye a bayan taga, kafin ka ɗaga yatsa duk huɗun sun dawo. Mun ji daɗin kanmu ƙwarai.

Cikin mutanen farko da na saka wa ita akwai Inna. Inna ƙawar mahaifiyata ce, Bafulatana, mazauniyar Durba a ƙasar Kibiya, inda danginta suka daɗe da kafa gida suna noma suna kiwo. A kasuwar Rano suka haɗu da mahaifiyata tun suna da ƙuruciya, ƙawancen kuma bai yanke ba har ranar da mahaifiyata ta rasu. Ɗan Inna na fari sa'ana ne, tare muka taso duk da nisan gidajenmu, kuma shi ne ya tafi da shanunsu kudu a ranin nan. Kafin ya tafi na saka masa manhajar a wayarsa, na saka wa Inna a tata, na nuna musu inda ake dannawa. Da yake ɗan fari ne, Inna ba ta faɗar sunansa, ba ta kuma yi masa doguwar magana ido da ido. Idan dole ta ambace shi, sai ta ce mai shanun.

Wata ranar kasuwa wani ɗan acaɓa, magidanci mai furfura a gemu da ke zirga-zirga tsakanin Rano da ƙauyukan Kibiya, ya tsaya a ƙofar gidanmu bai kashe babur ba.

"Tsohuwar nan ta Durba ta ce in gaishe ka," in ji shi. "Ta ce kuma abin da ka saka mata juyawa kawai yake yi."

Washegari da hantsi na hau bayansa da laftof a jaka muka kama hanya. Gonaki duk an share su an ƙone tattaka, an zuba taki tsibi-tsibi, ƙasa a buɗe tana jira. Zafi yana rawa a saman hanya, duwatsun da ke nesa kamar suna iyo a cikin ruwa. Na yi gyangyaɗi a kan babur ɗin har sai da ya ce in riƙe shi da kyau.

Na samu Inna a inuwar ɗakinta tana tsince gyaɗar iri. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi mahaifina, ta tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo mini nono mai sanyi a ƙwarya. Sai da na sha na ajiye sannan ta shiga ɗaki ta fito da wayar, a naɗe cikin wani tsohon ɗankwali.

"Taso, ɗana," ta ce. "A nan ƙasa ba ta ko motsi. Sai a bisa."

Bayan gidansu akwai wani faffaɗan dutse mai kwance, ɗorawa ta tsiro a gefensa ta yi masa rumfa. Inna ta hau shi ba tare da ta dafa ba, ni ina binta ina haki. Daga sama ana ganin rufin gidajen Durba, da layin bishiyoyin da ke bin rafi, da wata hanya fara da ta miƙe kudu har ta ɓace. Ta zauna, ta buɗe wayar, ta danna inda na koya mata. Ɗan zoben nan na jira ya fito a tsakiyar fuskar waya ya fara juyawa.

Muka zuba masa ido. Kurciya tana kuka a cikin ɗorawar. Ƙadangare ya zo ya tsaya kusa da ƙafata, ya gyaɗa kai, ya wuce. Zoben yana ta juyawa.

"Haka yake yi kullum?" na tambaye ta.

"Kullum. Idan na gama tatsar shanu biyun da aka bar mini sai in hawo. In zauna har rana ta iso nan," ta nuna wata tsaga a jikin dutsen, "sai in rufe in sauka." Ta gyara zamanta. "Ba wai damuwa nake yi ba. Labarin shanun nake son ji."

Na buɗe laftof, na haɗa shi da wayata, na leƙa cikin sabar da ɗan sabis ɗin da dutsen ya ba ni. Saƙonnin abokina suna nan jere, tun daga farkon tafiyarsu, babu wanda aka saurara. Na haɗa wayar Inna da laftof ɗin na sake buɗe manhajar ina kallon abin da ke faruwa a cikinta. Aiken hasashen ruwa ya je ya dawo. Na likitan dabbobi ya dawo. Na murya ya daɗe, yana zuwa kaɗan-kaɗan, amma shi ma ya iso cif. Taswira ce ta maƙale. Hoto ne mai nauyi, ya faro zuwa ya tsaya a tsakiya, bai ƙarasa ba kuma bai ce ya fasa ba. Mu kuwa mun rubuta manhajar ne yadda ba za ta nuna komai ba sai duk aiken huɗu sun hallara, ba mu kuma yanka mata wa'adin jira ba. Za ta jira har batir ya mutu.

Ke nan kowace safiya muryar ɗanta takan iso cikin wayar, tana tafin hannunta, tana jiran taswira. Idan Inna ta rufe ta sauka, sai muryar ta zube, gobe a sake ɗauko ta daga farko.

Ban yi mata wannan bayanin a lokacin ba. Na sauke saƙon farko a laftof ɗina na kunna. Muryarsa ta fito da Fulatanci, wanda ba na ji sai tsinci-tsinci, a bayanta ana jin ƙararrawar wuyan bijimi da kukan maruƙa da wata iska da ba irin tamu ba, iska mai laima. Inna ta kawar da kai ta kalli gonaki. Can take kallo har ya gama. Ta kama bakin mayafinta ta goge fuskar wayarta, wadda ba ta da datti.

"Sake sa shi," ta ce. "Ban ji abin da ya ce game da farar saniyar ba."

Na sake sawa. Muka saurari sauran ma, ɗaya bayan ɗaya, har inuwar ɗorawar ta bar mu. Ina zaune a wurin na tuna cewa ba ni da muryar mahaifiyata a ko'ina. Ina da hotunanta, ina da zannuwanta a akwati, amma ban taɓa tunanin ɗaukar muryarta ba, ga shi kuma sana'ata ke nan. Na yi ƙoƙarin jin yadda take kiran sunana daga madafa, sai na ji kamar daga ƙasan rijiya. Inna ce ta taɓa kafaɗata ta ce mu sauka, rana ta yi.

Da na koma Rano na kira abokiyar aikina a Kano, wadda ita ke kula da sabar. Mace ce mai saurin magana da saurin fahimta, ba ta son dogon labari.

"To a raba su," ta ce. "Kowane aike ya ci gashin kansa. Wanda ya riga dawowa a nuna shi, kada ya jira kowa."

"Wanda bai dawo ba fa?"

"A yanka masa wa'adi. In ya wuce, a katse shi, a nuna tsohon da ke ajiye a wayar."

"Kada su ɗauka sabo ne. Wani ya ga hasashen ruwan jiya ya fita shuka."

"A dusashe launinsa, kuma idan an taɓa shi murya ta ce wannan tsoho ne. Ka rubuta, ni zan rage wa taswirar nauyi daga nan."

A zauren gidanmu na yi aikin, a kan tabarma, mahaifina yana gefe yana jan carbi yana kallona lokaci-lokaci. Ya taɓa tambayata ko da wa nake faɗa a cikin na'urar, don ya ga ina motsa baki. Na raba aiken huɗu, na ba kowanne wa'adinsa, irin wanda muka saba sakawa a birni, wanda bai fi tsawon shan kofin ruwa ba. Na koma Durba cike da murna.

A kan dutsen, zoben bai daɗe ba ya ɓace, hotuna huɗu suka fito. Hasashen ruwa sabo ne, shawarar likita sabuwa. Amma murya babu. Na duba, sai na ga tana tafe, ta wuce rabi, ta kusa ƙarewa, wa'adi ya cika aka datse ta. Na sake gwadawa, haka. Da can manhajar ba ta san gajiya da jira ba, yanzu kuma ta zama marar haƙuri.

"Ya gyaru?" Inna ta tambaya.

"Saura kaɗan, Inna."

"To," ta ce, ta ci gaba da ɓarar gyaɗar da ta hawo da ita a faifai.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ne a bayan babur. Na ɗauki ɗan acaɓan nan muka riƙa zagaye, domin in ga yadda sabis yake a wurare dabam-dabam. Mun je Rurum, Sabon Gari da Tsohon Gari, na zauna a gindin duwatsu ina kallon lambobi suna rarrafe a fuskar laftof. Mun je Unguwar Gai, inda na samu sabis a bakin wata rijiya kawai, mata suna jan ruwa suna yi mini dariya a ɓoye. Shi ɗan acaɓan yakan jingine babur a inuwa ya kwanta a kansa, hula a fuska, ya yi barcinsa. Waɗannan kwanakin sun cakuɗe mini a kai yanzu, ban iya bambance wannan da wancan. Abin da na riƙe shi ne zafi, da ƙamshin ƙasa busasshiya, da yadda sabis yakan zo kamar iska, ya taɓa wayar ya wuce, in riƙe numfashi ina jiran ya dawo. Wani lokaci nakan ɗaga kai in yi tunanin duk muryoyin da ke wucewa ta samanmu a daidai wannan lokacin, gaisuwa da ciniki da kuka, suna bin iska a kan gonakin da ba kowa, wasu su isa, wasu su faɗi a hanya.

A wannan yawon na lura da abin da ban taɓa gani a birni ba. A ƙauye sabis ba yankewa yake yi gaba ɗaya ba, ɗiga yake yi. Saƙo yakan zo ɗan kaɗan, ya tsaya, ya ƙara zuwa. Wanda ke tafe a hankali dabam, wanda ya mutu a hanya dabam, wa'adin da na saka kuwa bai bambance su ba, domin yana ƙirga ne tun daga lokacin da aka tura aiken. Sai na sauya shi. Muddin wani abu yana ɗigowa, komai ƙanƙantarsa, a ci gaba da jira. Sai in an yi shiru na wani ɗan lokaci babu ko ɗigo, sannan a haƙura. Idan kuma an katse, kada a zubar da abin da ya riga ya iso, a ajiye shi, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Na kuma lura aiken huɗun suna cunkushe wa juna hanya. Ƙofar ƙarama ce, duk suna son wucewa tare, taswira mai faɗi ta tokare. Na kira abokiyar aikina na ce ina so murya ta riƙa wucewa gaba, sauran su biyo baya.

"To ai ba lokaci guda suke tafiya ba ke nan," ta ce. "A birni zai rage sauri."

"In sabis yana da ƙarfi su tafi tare. In ya yi rauni, murya tukuna."

"Me ya sa ba hasashen ruwa ba? Shi ne mafi sauƙi, kuma shuka ake jira."

Na ce mata ruwa suna ganinsa da idonsu a sama. Ta yi dariya ta ce na zama ɗan ƙauye, ta yarda.

Ranar da abin ya yi aiki a kan dutsen Durba babu wani biki. Inna ta danna, aka ɗan jima, hoton murya ya yi haske shi kaɗai, sauran ukun suna dusashe. Ta taɓa shi, ɗanta ya yi magana. Can daga baya hasashen ruwa ya shigo, taswirar kuma ta zo a ƙarshe, ba wanda ya kula da ita.

"Yanzu saura ke ki ba shi amsa," na ce. "Ki danna nan ki riƙe, ki yi magana, ki saki."

Ta kalli wayar, ta kalle ni. "Sauka ka duba mini ko awakin nan sun shiga rumbu."

Babu wasu awaki kusa da rumbu. Na sauka na tsaya a gindin dutsen, nesa yadda ba zan ji ba. Daga ƙasa ina hango ta a zaune, ta juya baya, ta kai wayar kusa da bakinta da hannu biyu. Ta daɗe. Da ta sauko ba ta kalle ni ba, ta miƙa mini wayar ta ce in duba ko ya tafi. Na duba na ga alamar yana kan hanya. Na ce mata zai tafi da kansa, domin na saka wa manhajar cewa idan ta tura saƙo ba ta sami amsar ya isa ba har wa'adi ya cika, ta sake turawa.

Bayan 'yan kwanaki ina zaune a zaure da rana wayata ta yi ƙara. Abokina ne, daga kudu. Ya ce ya hau wani tudu ne ya samu sabis. Muryarsa tana yankewa tana dawowa, amma dariyarsa ta iso gaba ɗaya.

"Kai, me ka yi wa Inna?"

"Lafiya?"

"Magana ɗaya take ta maimaita mini. Na buɗe na ga saƙonni sun cika waya, na tsorata, na ce wani abu ya faru a gida. Na saurari na farko, na saurari na biyu, duk abu ɗaya."

Nan take na gane. Saƙon yana isa sabar lafiya lau. Amsar da sabar ke mayarwa ta cewa ya iso ita ce ke ɓacewa a hanyar komawa Durba. Wayar Inna ta jira, wa'adi ya cika, ta ɗauka bai je ba, ta sake turawa. Haka ta yi ta yi duk lokacin da Inna ta hau dutse. Cikar wa'adi ba ta nufin saƙo bai je ba, tana nufin dai ba ka sani ba. Na fara yi masa bayani, na ce zan goge maimaicin in bar masa ɗaya.

"A'a," ya ce. Dariyar ta tsaya. "Kada ka taɓa su."

"Ai duk ɗaya ne."

"Na sani. Duk na saurare su, ko zan ji wani ya bambanta."

Iska tana bugun wayarsa.

"Ta ce in duba kofaton farar saniyar," ya ce. "Ta ce kada in bar maruƙa su sha ruwan da ba ya gudu. Sai ta yi shiru, ta daɗe, ana jin numfashinta da kurciyar nan ta ɗorawa. Can ta ce, ka riƙa cin abinci." Ya ɗan yi tari. "Tun da aka haife ni ba ta taɓa yi mini magana mai tsawon wannan ba."

Daga nan sabis ɗinsa ya ɗauke.

Gyaran bai yi wuya ba. Muka sa kowane saƙo ya riƙa tafiya da shaidarsa ta daban, yadda idan ya sake zuwa sabar za ta gane shi, ta ce na riga na karɓi wannan, ta mayar da amsa kawai ba tare da ta ninka shi ba. Muka kuma sa wayar ta riƙa ƙara tazara tsakanin gwaji da gwaji, kada ta cinye batir da data tana ƙwanƙwasa ƙofa. Waɗanda suka riga suka isa wayar abokina kuwa na bar masa abinsa.

Da na gaya wa Inna, tana kan turmi tana dakan gero. Ta tsayar da taɓarya.

"Sau nawa ya je?"

"Da ɗan dama, Inna."

Ta sa hannu ta rufe baki. "Wayyo ni. Zai ce tsufa ya mayar da ni mai surutu." Ta tsaya haka, sai kuma kafaɗunta suka fara girgiza, ta yi dariya har ta zauna a bakin turmin tana share ido. "Kai da uwarka duk ɗaya," ta ce. "Ita ma haka take tona ni a kasuwa."

Ruwan farko ya sauka ne ranar da manhajarmu ta ce ba za a yi ba. Ina Durba, muna zaune a rumfa, sai iska ta taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa, kaji suka ruga, sannan ya zubo da ƙarfi har ba ma jin maganar juna. Inna ta kwashe shanya tana murmushi, ba ta ce mini komai game da hasashen ba. Washegari kowa ya fita da sungumi.

Daga nan ɗigon da ke nuna garke a taswira ya fara matsowa arewa, a hankali, yana bin sabuwar ciyawa. Na koma Kano kafin su iso, amma an ba ni labari. An ce da aka ji ƙararrawar shanu mutanen gida duk suka fita tarye, ban da Inna. Sai da aka gama gaishe-gaishe ta fito ta bi ta bayan gida ta shiga cikin garken, tana shafa wannan tana duba wancan, ta ɗaga ƙafar farar saniyar ta kalli kofaton. Shi kuwa ɗanta yana tsaye can gefe da sandarsa a kafaɗa. Ta wuce shi ta ce wa matarsa a dama masa fura, ya rame.

Da damina ta yi nisa na sake zuwa gaishe ta. Dawa ta fi ni tsawo, hanyar Durba ta zama rami tsakanin koren bango biyu. Bayan mun gaisa ta yi ta juya wayar a hannunta kamar mai shawara.

"Abin nan," ta ce, "sai mai shanu kaɗai ake iya aika wa?"

"Duk wanda ke da ita a wayarsa, Inna."

"Ina da ƙanwa. An kai ta aure can gabas tun kafin a haife ka. Sau ɗaya na sake ganinta, a rasuwar babanmu."

Sai da muka sha wahala kafin muka samo lambar ɗan ƙanwar, ta hannun wani dillalin shanu da ke zuwa kasuwannin can. Aka saka musu manhajar. Saƙon farko da ya zo gaisuwa ce kawai, muryar tsohuwa tana rawa. Amsar Inna ta yi tsawon da sai da ta kwana tana tafiya. Tun daga lokacin ba su tsaya ba. Suna ba juna labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu, suna gardama a kan wata saniyar babansu, ko ja ce ko baƙa, suna rera wa juna waƙoƙin da suka yi a dandali. Abokiyar aikina ta taɓa kirana ta ce akwai wasu mutum biyu da suka fi kowa cika mana saba, ko na san su.

Abokina ya sake tafiya kudu a ranin da ya biyo. Da muka yi waya na tambaye shi ko Inna tana aiko masa da saƙo. Ya ce tana aikowa, amma gajeru, domin ta ce kada ya cinye mata batir, tana jiran na ƙanwarta.